Takalmi Mai Jan Ƙafar Hagu

Matakala arba'in da biyu ce daga ƙofar benen zuwa ƙofar gidanmu a hawa na uku, kuma babu ɗaya a cikinsu da ba ta san takun mijina ba. Ƙafarsa ta dama takan sauka da ƙarfi, ƙwas, ta hagu ta biyo tana shafar siminti, shuu, kamar mai goge wani abu da ba ya so a gani. Babur ne ya kayar da shi tun yana saurayi, ƙashin ya ɗoru amma bai koma daidai ba. Dogo kowa ke ce masa. Ni kuwa Yallaɓai nake ce masa idan ina son tsokana, shi kuma ya ce mini Agwagwa, saboda faɗin ƙafata.

Safiyo ne, aikinsa awon filaye, kuma takalmi ɗaya tak gare shi. Kambas ne ruwan ƙasa mai igiya. Da shi yake gudun motsa jiki da safe, da shi yake hawa duwatsu ɗauke da kayan awo, in ya dawo ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ya shiga ofis. Har ɗaurin auren abokinsa da shi ya je, na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Yallaɓai, don Allah ka tausaya wa takalmin nan, ka yi masa ƙani."

"Ƙafa biyu Allah ya ba ni, Agwagwa. Me zan yi da takalma takwas? Ke da kike da buhu guda, wanne ne a ciki zai kai ki kan dutse?"

Akwai wani dutse a bayan gari da yake hawa duk Asabar. Shekara uku yana cewa zai kai ni in ga yadda gari ke komawa kamar tafin hannu, ni kuma kullum da uzurina. Yau wanki, gobe baƙi, jibi ba ni da takalmin hawa. Na ɗauka Asabar ba ta ƙarewa.

Ranar wata Talata ya kifa kansa a kan taswirar da yake dubawa a ofis, abokan aikinsa suka zaci gyangyaɗi yake. Daga asibiti baƙar leda aka miƙo mini. Agogo, makullai, da takalmin, an ɗaure igiyoyinsa wuri guda.

Mu biyu muka rage a gidan, ni da Inna, mahaifiyarsa. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu, amma kunnenta ya fi idon mutum goma. Tana zaune a kujerarta ta kusa da ƙofa za ta ce ga mai gyaran famfo nan ya hawo, ko ta ce matar hawa na biyu ta sake sayen takalmi mai tsini, Allah ya kiyaye ƙugunta. Yayata ta zo har sau biyu za ta tafi da ni gida, na ce ba inda zan je. Wa zai ɗiga wa Inna maganin ido? Wa zai san ba ta shan shayi sai ya huce? Amma gaskiyar magana, Inna ta daina sauraron matakala. Ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Abincin da na ajiye mata da safe shi nake tararwa da yamma, ta ɗan taɓa gefensa don kada in yi ƙorafi.

A wata na bakwai, wata safiya ana yayyafi, maɗaurin takalmina ya tsinke a bakin ƙofa. A kantin magani nake aiki, tsaye a bayan kanta daga takwas zuwa biyar, ga shi na makara, sauran takalmana kuwa duk na kwalliya ne. Idona ya faɗa kan ledar nan da ke bayan ƙofa. Na kwance igiyoyin, na sa safa biyu, na cusa auduga a gaba don ya fi ni da lamba biyu. Cikinsa da sanyi. Akwai ɗan rami inda babban yatsansa ya kwanta shekara da shekaru, nawa bai kai wurin ba.

Da safe ban ji komai ba, hayaniyar titi ta rufe. Sai da na dawo da yamma, na shiga benen, na fara hawa.

Ƙwas. Shuu.

Na tsaya cak, tsikar jikina ta tashi. Na waiwaya. Ba kowa, sai hasken la'asar da ke shigowa ta ƙaramar tagar matakala, da keken yaran hawa na ɗaya jingine da bango. Na sake ɗaga ƙafa. Ƙwas. Shuu. Na zauna a kan matakalar na juya takalmin hagu. Dunduniyarsa ta cinye ta gefen waje, ta karkace, duk ƙafar da ta shiga ciki dole ta bi karkatar. Na gane dalili sarai. Na mayar da shi ƙafata, na ƙarasa hawa.

Kafin in zaro makulli ƙofa ta buɗe. Inna ce tsaye, ita da rabonta da tasowa buɗe ƙofa tun ranar Talatar nan. Fuskarta ta cika da wani haske da ban san na yi kewarsa ba sai da na gan shi.

"Sannu da zuwa," ta ce, da muryar da ba ta yi wa kowa sai shi.

Ta miƙa hannu sama, daidai inda kafaɗarsa take tsayawa. Hannun ya sami iska. Ya ɗan jima a can, sannan ya sauko a hankali ya sauka a kan ɗankwalina. A ranar ta cinye abincinta tas, har ta ce gishiri bai ji ba.

Washegari na sake sa shi. Ba wanda ya tilasta ni.

Haka muka yi wata uku. Ƙarfe biyar da rabi kujerar Inna na fuskantar ƙofa, ni kuma ina hawowa a hankali, ina ba kowane taku haƙƙinsa. Kumatunta suka ciko. Ta koma yi wa matar hawa na biyu tsiya. Ni ma, kada in ɗora mata duka, ina so. Idan na rufe ido a tsakiyar matakala sai in ji kamar yana bayana da taku ɗaya, yana shirin cewa in matsa, Agwagwa ta tare hanya. Littattafan soyayyar da na cinye tun ina makaranta duk sun ce ƙamshin turare ke dawo da masoyi, ko wata tsohuwar wasiƙa. Ba wanda ya gaya mini cewa mutum kan dawo ta dunduniya.

Sai abin ya fara wuce inda na ajiye shi. Wata rana ina wucewa ta gaban shagon gilashi na hango wani yana tafiya da kafaɗar hagu a sunkuye, zuciyata ta buga, na juya da sauri. Mayafina na gani a cikin gilashin. Wata Juma'a kuma na fito daga wanka ba takalmi, na waiwaya na ga sawuna a jiƙe a kan tayil: na dama cikakke da yatsu biyar, na hagu kuwa dogon shafe, kamar an ja tsumma. Na tsaya ina kallonsa har ya bushe.

Gwiwata ta hagu ta fara da ɗan tsami, ta koma zugi, daga baya ta kumbura har ba na iya durƙusawa in ɗauko magani a kantar ƙasa. Mai kantinmu ya gaji da jin ina cije baki, ya tura ni wurin likitar ƙashi.

Likitar 'yar gajeruwa ce mai saurin magana. Ta duba hoton gwiwar, ta sa na yi tafiya daga ƙofa zuwa taga, ta ce in sake. Sannan ta kalli ƙafata.

"Malama, kin taɓa karaya?"

"A'a."

"To tafiyar wa kika aro? Ƙashinki lafiya lau, amma kina tafiya kamar wadda mota ta taka. Miƙo takalmin nan." Ta juya shi, ta yi tsaki. "Na waye?"

"Na maigidana ne."

"Shi ba shi da tausayi ne, ko ke ce mai rowa?"

"Ya rasu."

Ta ajiye takalmin a hankali, kamar wanda zai iya jin zafi. "Allah ya jiƙansa. Ki yafe mini bakina." Ta sake duba hoton gwiwar. "Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Gurunguntsin gwiwar nan ya fara cinyewa ta gefe guda. In kika ƙara wata uku a haka, sai dai mu yi maganar wuƙa, kuma ko an yi, ba lalle ki koma hawa bene kamar da ba. Hawa na nawa kike?"

"Na uku."

"Kin ji. Ki nemi takalmi ɗaya mai kyau, naki na kanki. Da shi za ki je aiki, da shi za ki yi tafiyar rabin awa kullum, in gwiwar ta yi ƙarfi ki fara hawan tudu. Ba na son ki riƙa canje-canje, ƙafar nan sai ta sake koyon tafiya daga farko."

Na fito ina lissafin abu biyu. Idan gwiwata ta tafi, ba mai hawa wa Inna matakala arba'in da biyu. Idan takalmin ya tafi, kujera za ta koma fuskantar bango.

Sati biyu ina jan ƙafa, ina shafa man zafi. Ranar da na kasa kai hawa na biyu sai da na zauna, na shiga ɗaki na sauko da kwalin takalmin daga saman kabad. A gefensa akwai hatimin shagon da aka saye shi.

Ƙaramin shago ne a wani lungu, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule. Na je da safe kafin aiki. Wani dattijo mai farin gemu da tabarau a kan hanci yana kakkaɓe kwalaye. Bai kalli fuskata ba, ƙafata ya kalla tun daga bakin ƙofa, ya daɗe yana kallo.

"Baba, takalmi nake so."

"Ba na auna ƙafa da safe, 'yata. Ƙafar safe maƙaryaciya ce, ta kwana ta huta, ta tsuke. Ki je ki yi wuninki, ki dawo mini da ita a gajiye, a kumbure, yadda take da gaske. Kuma ki zo da wannan da ke ƙafarki."

Da yamma na dawo. Sai a lokacin na lura da abin da ke saman shagon. Wayoyi ne aka ja daga bango zuwa bango, an rataye ɗaruruwan yankakkun kwalaye, kowanne da zanen tafin ƙafa. Manya, ƙanana, masu faɗi, masu karkataccen yatsa. Fanka na kaɗa su, suna motsi a hankali, kamar jama'a na tafiya a sama ba tare da jiki ba.

"Duk wanda ya sayi takalmi a nan sai ya bar mini ƙafarsa," in ji dattijon. "Fuska nakan manta. Zauna. Cire."

Ya karɓi takalmin, ya zaro audugar ya ajiye gefe, ya bi dunduniyar hagu da babban yatsa.

"Ni na sayar da wannan. Dogon mutum, mai dariya da ƙarfi, yana jan hagu. Na ce ya dawo in ɗora masa ƙari a dunduniya, ya ce sai ya samu lokaci." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Da kika shigo da safe na ji takunsa, na ɗaga kai zan yi masa faɗa. Yaushe?"

"Wata goma ke nan."

"Allah ya yi masa rahama." Ya ajiye takalmin a gefensa, gaban takalmin na kallon bango. "To, me za ki yi da sabon?"

Na gaya masa abin da likita ta ce: tsayuwar awa tara, tafiyar motsa jiki, hawan tudu daga baya. Ya shiga ciki ya fito da kwali uku.

Na farko fari ne, ba nauyi, kamar ka ɗauki takarda. Ya kama shi da hannu biyu ya murɗe shi kamar mai matse wanki. "Kin gani? Na gudu ne a kan kwalta. Daɗi kamar katifa. Amma ki hau dutse da shi, tsakuwa ɗaya za ta juya miki idon sawu." Na biyu baƙi ne mai dogon wuya da haƙora a ƙasa. Ya sake shi a kan benci, ya yi dum. "Wannan ko ƙaya ko laka ba ruwansa. Amma ki tsaya da shi a kanti wuni guda, kafin azahar kin tsine mini."

"Ni ban iya tsinuwa ba, Baba."

"Takalmi zai koya miki."

Na ukun ruwan toka ne, ba kyan a zo a gani. Ya lanƙwasa shi, ya lanƙwasu a wajen yatsu kawai, tsakiya ta ƙi. Ya matsa bayan dunduniya, ta tsaya ƙyam. Ya nuna mini ƙasan, haƙoran ba su yi zurfi ba, ba su kuma shafe ba. "Wannan bai fi kowa a komai ba. Na gudu ya fi shi gudu, na dutse ya fi shi dutse. Amma duk inda kika ce a je, zai je. Ga gabansa da faɗi, don ƙafarki, kada ki ji haushi, ba ta 'yan gayu ba ce."

"An sha gaya mini."

Ya sa na zura, ya ɗaure igiyar da kansa, ya danna gaba ya tabbatar faɗin babban yatsansa ya shiga tsakanin yatsana da bakin takalmin. A ƙarshen shagon akwai wani katako da ya jingina ya yi gangare. Ya ce in hau in sauko, in ji ko yatsuna na dukan gaba. Ba su duka ba. Takalmin ya riƙe ƙafata kamar hannun da ya san ta. Gwiwata, a karo na farko cikin watanni, ta yi shiru.

Matsalar ke nan. Komai ya yi shiru. Na taka daga katakon zuwa ƙofa, na dawo, ban ji komai ba. Kamar an sake yi mini rasuwa a cikin shagon, a gaban kwalaye.

"Baba," na ce, "za ka iya kankare mini dunduniyar hagun? Kaɗan kawai. Ta gefen waje."

Ya cire tabaransa. "In kankare sabon takalmi?"

"Mahaifiyarsa ba ta gani. Takun nan take jira kullum da yamma. Shi ne kawai ya sa take cin abinci. Kaɗan, yadda zai riƙa shafar ƙasa, ba sai ya yi yawa ba."

"Shekara talatin da wani abu ina wannan sana'a. An ce in rage kuɗi, an ce in ƙara tsawo, wata ma ta ce in matse mata lamba arba'in ta koma talatin da bakwai. Ba a taɓa cewa in saka wa takalmi gurgunta ba." Ya girgiza kai. "Ba zan yi ba, 'yata. Ki je wani wuri in kina so, wuƙa ba ta da wuyar samu."

Na sunkuya zan kwance igiyar. Hawaye ya ɗiga a kan sabon takalmin, ya yi baƙin ɗigo a ruwan tokar.

"Tsaya tukuna," ya ce. Ya ɗauko wata doguwar sanda mai ƙugiya, ya bi wayoyin sama yana ture kwalaye, yana magana shi kaɗai. A can kusa da bango ya saukar da guda biyu da aka haɗa da fil. Na farko doguwar ƙafa ce, ta hagu ta buɗe waje. Ban buƙaci a gaya mini ba. Na biyun ba kwali ba ne, bayan wata tsohuwar taswira ce, an zana ƙafafu biyu masu faɗi da jan biro. Layin ya karkace a wajen ƙaramin yatsa. A ƙasa, da rubutun da zan gane ko a cikin dubu, an rubuta: Agwagwa.

Na tuna. Wata safiyar Asabar ce, ina tsaye ina guga, ya durƙusa ya tura takarda ƙarƙashin ƙafata ya ce kada in motsa, awon fili yake. Biron ya yi mini cakulkuli, na yi dariya na ture shi, shi ne layin ya karkace. Na ɗauka wasansa ne kawai.

"Ya kawo mini wannan ya ce in ba shi takalmin da zai kai matarsa kan dutse," in ji dattijon. "Wai yana so ya ba ki mamaki. Na ce ba na sayar wa takarda takalmi, ya kawo ki da yamma. Ya yi dariya ya ce ni da taurin kai kamar surukinsa. Na rataye, ina jira." Ya shimfiɗa takardar a ƙasa. "Cire ki taka."

Na taka. Ƙafar dama ta zauna cikin zanenta daidai, kamar ba ta taɓa fita ba. Ta hagu kuwa ta buɗe waje, yatsun sun tsallake jan layin, dunduniyar ta kwanta gefe. Na kalli kwalinsa da ke gefe, na kalli ƙafata. Tsayuwarsa ce.

"Waccan ya zana," dattijon ya ce, yana nuna layin da ƙafata ta bari fayau. "Ita ya ce in yi wa takalmi. Wannan da kika zo da ita, ban san ta wace ce ba."

Na juyo da ƙafar a hankali. Gwiwar ta yi ƙara, wata jijiya ta ja har ƙugu. Sai da na dafa benci kafin yatsun suka koma cikin layi. Na tsaya a haka, ina kuka ba sauti, fanka na kaɗa ƙafafun mutane a saman kaina.

Ruwan tokar na ɗauka, ba a kankare ba. Dattijon ya sa tsohon a cikin sabon kwali ya ɗaure da igiya. Takardar kuwa ya ce ba zai bayar ba, ƙa'idar shago ce, ya mayar da ita sama tare da ta Dogo, fil ɗaya.

Biyar da rabi ta wuce lokacin da na iso benen. Na daɗe a ƙasa da kwalin a hammata. Zuciyata na cewa in zauna a matakalar farko in canza, wa zai sani? Na fara kwance igiyar kwalin ma. Sai na tuna jan layin nan, na mayar na ɗaure.

Na hau. Arba'in da biyu, ba ƙwas, ba shuu, sai numfashina. Ƙofarmu a rufe. Na tsaya ina jira ta buɗe, ba ta buɗe ba. Ban zaro makulli ba, na ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Ni ce, Inna."

Ta buɗe. Kujerarta na nan tana fuskantar ƙofa. Ta karkata kai kamar mai neman wani sauti a bayana, ta jira, ta jira. Na ga hasken yana barin fuskarta kaɗan-kaɗan, na ji kamar ni na kashe shi da hannuna.

"Inna, likita ce ta ce gwiwata… na sayi sabo. Ki yafe mini. Na san kina…"

"Kina tsammanin na haukace ne, 'yar nan?" Muryarta ba faɗa a ciki. "Ni na haife shi, ni na ji lokacin da aka sauke shi ta matakalar nan. Tun ranar farko na san ke ce. Shi bai taɓa tsayawa hutu a hawa na biyu ba, kuma bai taɓa yin ƙamshin man zafi ba."

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Daɗi nake ji." Ta faɗa a hankali, kamar mai amsa laifi. "Ina jin kina cije baki a matakala, in ce gobe zan hana ta. Gobe ta zo in ce bari in ƙara ji sau ɗaya. Ke za ki yafe mini." Ta lalubo hannuna. "Wani abu kuma. Jiya na zauna ina so in tuna yadda naki takun yake, na da, wanda kike hawowa da gudu kina kaɗa makullai. Na nema na rasa. Na ce wayyo, ɗaya ƙasa ta ɗauke, ɗaya kuma ni na bari ta ɓace a cikin gida."

Na faɗa jikinta. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ture ni da gwiwar hannu.

"Ya isa, kin jiƙa mini riga. Sauka hawa ɗaya ki sake hawowa. Wannan takalmin naki kamar na ɓarawo, ban ji komai ba. Sai na koye shi."

Na sauka, na hawo. Ta ce in sake, kuma in daina tafiya kamar mai tsoron tayar da jariri. A karo na uku ta ɗaga yatsa. "Yawwa. Akwai ɗan ƙii da yake yi in kin juya a kwana. Na kama ki." Sannan ta miƙo hannu biyu. "Ba ni wancan."

Na ba ta kwalin. Ta shige da shi ɗakinta.

Ba a rana ɗaya ƙafata ta dawo ba. Wata biyu ina tafiyar rabin awa kafin aiki, ina faɗa wa hagu ta miƙe kamar mai yi wa yaro faɗa. Inna wata rana ta ci, wata rana ta taɓa gefe, amma kujerar ba ta sake juyawa bango ba. Idan na juya a kwanar hawa na uku nakan ji ta ce, tun kafin in iso, "Ga 'yar ƙii nan."

Asabar ɗin da likita ta ce gwiwar ta isa hawan tudu, na cika gorar ruwa, na ɗiga wa Inna magani, na ɗaure igiyar ruwan tokata. Rana ta fito sosai, yaran hawa na ɗaya na wasa a ƙofar bene.

"Dutsen za ki?"

"Shi, Inna."

"In kin kai sama ki duba mini ko da gaske gari kamar tafin hannu yake, ko dai zuƙinsa ne."

Na ja ƙofa, na fara sauka. Ina matakala ta shida ko ta bakwai na ji shi, daga cikin gidan, a bayan rufaffiyar ƙofa, a hankali, daga wajen ɗakin Inna zuwa falo.

Ƙwas. Shuu. Ƙwas. Shuu.

Na riƙe ƙarfen matakala. Wataƙila hannuwanta ta zura a ciki tana bin tayil da su. Wataƙila ƙafafunta ne, 'yan ƙanana, suna iyo a cikin ramin yatsansa. Haka nake gaya wa kaina, kuma har yau ban tambaye ta ba. Na tsaya har sautin ya kai bakin ƙofa ya tsaya, daidai inda yakan tsaya in zai raka ni.

Na duba ƙafata ta hagu. Tana kallon gaba. Na ci gaba da sauka.